Sha-Duka a Finafinan Chana

Kafin a laƙaba masa Sha-Duka, ma'aikacin jirgin ruwa ne, dogo, ƙaƙƙarfa, marar yawan magana. Wata shekara injin jirginsu ya lalace a wata tasha mai nisa a ƙasar Chana, suka yi zaman jiran gyara. Yana zaune a bakin titi yana cin abinci, wani mai shirya fim ɗin Chana ya ƙare masa kallo, ya yafito shi da hannu. Ranar da jirgin ya tashi, ba da shi ya tashi ba.

Ya yi shekaru a can. Wani tsohon malamin faɗa ya koya masa naushi da shuri da yadda ake faɗuwa ba a karye ba, har yakan shafa masa magani a gwiwa da kansa. Amma a gaban kyamara aikinsa ɗaya ne. A tuɓe masa riga, a shafe shi da mai, ya shigo yana gurnani a matsayin ɗan daban wani mugun attajiri, jarumi ya yi masa lilis. Ko kalma ɗaya ba a taɓa ba shi ya faɗa ba. Da ya tambaya, aka ce masu kallo ba maganarsa suka zo ji ba.

Bayan ya dawo gida ya yi aure, aka kawo ɗaya daga cikin finafinan nasa a silimar unguwarsu. Ya sa sabuwar riga, ya kai mahaifiyarsa da matarsa kujerun gaba. Da fuskarsa ta cika allo, wuri ya kaure da ihu: "Namu ne! Namu ne!" Ba a jima ba jarumi ya doka shi da ƙasa, sai ga mutanen nan dai suna tafi, suna cewa a ƙara masa. Mahaifiyarsa ta miƙe tsaye.

"Ku ji tsoron Allah, ɗana ne fa!"

Aka fashe da dariya. Daga ranar sunan Sha-Duka ya bi shi.

Ya kama wani shago ya shimfiɗa katifu don koyar da faɗa. Samari sukan leƙo su ce, "Wanda ake jibga ne zai koya mana?" Wasu kuma su tare shi a hanya su gwada sa'a. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Shagon ya mutu, ya koma gadi a wani sito har gwiwoyin suka gaza.

Bayan shekaru, 'yarsa, malamar makaranta, ta samo finafinan a waya ta zauna kusa da shi ta kalla. Ta kife wayar a cinya.

"Baba, waɗannan mutanen dodo suka mai da kai. Me ya sa ka yarda?"

"Kin ga wani baƙi a ciki ban da ni?"

"To ai gara babu, da irin wannan."

Ya daɗe yana murza gwiwa.

"Akwai shurin da na yi a fim na biyun, ni na ƙirƙiro shi. Malamina da kansa ya tafa min. Kin lura da shi?"

Ta ce ba ta lura ba. Ya ce ta mayar baya. Suka nema har wayar ta yi zafi, ashe an yanke wurin.

Bai ci abincin rana ba. Da matarsa ta tambaya, ya ce cikinsa ne ba daɗi.