Garantin Motar Hamma Sa'adu

Ku da kuka san Hamma Sa'adu na unguwar Makama kun san ba ya tuɓe wa sabon abu rigarsa. Keken da ya saya shekarar da aka samu mulkin kai, har ya koma ga Allah takardar kamfani na naɗe a jikin ƙarfensa. In ta yage ya nemo zare ya ɗaure. Rediyonsa kuwa a cikin kwali ta yi rayuwarta. Ƙofa ya huda mata daidai wurin murɗawa, in za a ji labarai sai kowa ya kasa kunne kamar ana sauraron mai magana daga cikin rijiya. Na taɓa ce masa, "Hamma, fito da baiwar Allahn nan ta sha iska mana."

Ya ce, "Kaɗo, wanda ya sa shi a kwali ya fi ka sanin dalili."

Kaɗo yake kirana, wato Bahaushe da Fillancinsu, don kakana daga Kano ya zo Jimeta da fatauci bai koma ba. Ni kuma Hamma nake ce masa, wato yaya, don ya ba ni shekara goma sha da haihuwa. Sunana Garba, sana'ata gyaran injin mota mai shan gas, kuma ba yabon kai ba, a wancan zamanin in inji ya yi tari a bakin kogi ni ake nema. Shekara ashirin muna tare da shi. Ba ya kwana uku bai tako kekensa daga Yola ya zo garejina ya zauna a kan tsohuwar taya ba, yana zagin shayina yana sha.

Shekarar da aka yanka jihohi, aka ce mu yanzu 'yan Arewa maso Gabas ne, Hamma ya kaɗa shanun gadonsa kaf ya sayar. Ya tafi Jos ya sayo babbar mota sabuwa fil, ya ɗauki direba, zai riƙa jigilar gyaɗa da auduga. Duk abin da ya mallaka a duniya ya koma ƙafa shida. Amma da ya iso, kafin ya nuna mini motar, takarda ya fara nuna mini.

"Garanti," ya ce, yana rage murya kamar mai faɗin sunan suruki.

Wani malamin makaranta ya karanta masa ita sau uku. Abin da ke ciki shi ne: har shekara guda, duk abin da ya lalace a injin kamfani zai gyara kyauta, muddin hannun wani bai buɗe ba. Shaidarsu kuma wata 'yar dalma ce kamar ƙwayar gurjiya, da suka matse a kan waya a jikin famfon mai. Da Hamma ya gamsu, sai ya kai wa baduku takardar aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ya rataya a wuya. Na ce, "To yanzu in ana son a sake karantawa fa?"

Ya ce, "An karanta sau uku. Ko huɗuba sau ɗaya ake yi."

Ita kuwa dalmar, tsumma ya naɗa mata don kada zafi ya narkar da ita. Kullum da safe kafin ya karya sai ya buɗe bonet ya leƙa ta. Matarsa, Adda Dudu, ta ce mini, "Garba, ni ma da an matsa mini dalma a kunne, da na samu ina kwana."

Wata shida mota na aiki, gida ya yi haske. A wata na bakwai, suna dawowa daga Sangere da buhunan gyaɗa, ta fara baƙin hayaƙi, inji yana ɗingishi, ƙarfi ya tafi. Da ƙyar ta kai ƙofar gida ta mutu a gindin dalbejiya. Aka aiko mini. Na sa direba ya tayar, na kasa kunne minti biyu, na gane. Lokacin yaƙi ne, mai mai tsabta ya yi wuya, na duro ake saye, wani da ruwa wani da tsatsa. Nozul ne suka toshe, wato 'yan bakunan da ke fesa gas cikin inji.

Na ce, "Hamma, ƙaramin abu ne. In kwance nozul in wanke da kananzir in mayar. Ko dalmarka ba zan kalla ba, ba ma kusa suke ba."

Ya sa hannu ya rufe bonet a hankali, saura kaɗan ya haɗa da yatsuna.

"Motan nan yana da iyaye," ya ce. "Ba maraya ba ne."

"Hamma, ni ne fa. Garba."

"Na san kai ne. Sunanka yana cikin takarda?"

Wallahi maganar ta soke ni, amma na mayar da ita dariya. Na ɗauka kwana biyu zai yi ya sauko. Ashe ban san mutumin da na yi shekara ashirin da shi ba.

Ya sa aka rubuta wa kamfani wasiƙa. Sai dai Hamma ba zai sayi kan sarki ba, ga direbobi suna zuwa Jos kullum a banza. Ya ba wani direba da goro biyu. Shiru. Ya sake rubutawa ya ba wani. Wannan ya dawo ya ce jirgin fito na Numan ya tsayar da su kwana uku, ruwa ya ba wasiƙar kashi. Na ce, "Hamma, kai ta gidan waya mana, ko ni in biya."

Ya ce, "Gidan waya ba shi da fuska. Direba in ya ɓatar, na san wanda zan zaga."

Ya kuwa zage su ɗaya bayan ɗaya, wasiƙa bakwai.

Damina ta wuce, kakar gyaɗa ta zo, motocin mutane suna ta kai da kawo, tasa na gindin dalbejiya. Direbansa ya gaji ya kama wani ubangida. Kowace Juma'a Hamma ya wanke ta tas, ya goge gilashi da tsohon rawaninsa. Kaji suka gano inuwar ƙarƙashinta suka fara ƙwai. Mutane suna dariya, ni ma ina yi. Amma ina ganin abin da ba sa gani. Tuwon gidan ya koma sau ɗaya. Tasoshin jeren Adda Dudu suka fara raguwa daga sama. Hamma da ba ya fita sai da babbar riga ya koma kasa goro a faifai a bakin kasuwa, yana cewa don hira yake yi.

Ranar da na ga haka na same shi na ce, "Hamma, shekara tana tafiya. Saura wata ɗaya garantin ya mutu. Ko ka tafi Jos da kanka, ko ka bar ni in gyara yara su ci abinci."

Ya kama hannuna ya ja ni gaban mota, ya nuna mini agogon da ke ƙirga tafiya.

"Ka ga ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"To. Mota a tsaye, garanti a tsaye. Abin da bai yi tafiya ba yaya zai tsufa? Kai dai Kaɗo, gaggawa ce ta hana ku kiwon shanu."

Haka muka ci shekara da wata biyar daga ranar saye. Sannan wata Talata labari ya zo cewa mutumin kamfanin ya sauka Jimeta duba motocin gwamnati. Hamma ya sa babbar rigarsa ya je ya tsare shi a ƙofar masauki tun hantsi, bai bar shi ba sai da ya taho da shi Makama. Ni ma na bi su, unguwa ta taru.

Wani saurayi ne mai gajeren wando da biro a kunne. Ya ce a kawo takarda. Hamma ya ciro layar daga wuya. Sai da aka nemo aska aka farke ɗinkin, Hamma yana runtse ido kamar shi ake yi wa kaciya. Saurayin ya duba, ya ƙirga da yatsu.

"Baba, wannan ai ta ƙare wata biyar da suka wuce."

"Na rubuto muku sau bakwai."

"Ba mu ga ko ɗaya ba. Kuma ko da mun gani, nozul ɗin da dattin mai ya toshe ba ya cikin garanti. Ga shi nan a ƙasa, ƙananan rubutun nan."

Ashe malamin makarantar manyan kawai ya karanta. Saurayin ya leƙa inji, ya janye tsumman dalmar ya yar a ƙasa ko a jikinsa, ya ce, "Wannan ba sai an kawo mana ba. Akwai wani Garba a Jimeta, ban san shi ba, amma duk motocinmu na nan wajen gare shi muke cewa a kai."

Aka fashe da dariya. Hamma ya juyo ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar ya tsufa shekara goma a tsaye.

Nan ne nawa laifin ya fara, kuma shi ya sa nake ba ku wannan labarin. Da ina da hankali, da na tuɓe riga na ce a miƙo mini sifanar kwance noti, shi ke nan. Amma haushin wata goma ya taso mini. A gaban jama'a, a ƙofar gidansa, na ce, "Ka ji ko? Wata goma kana kallon hannuna kamar na ɓarawo. To wallahi ba zan taɓa motar nan ba sai ka buɗe baki ka ce, Garba, gyara mini." Na hau kekena na tafi.

Bayan kwana huɗu sai ga shi a gareji. Ya zauna a kan tayarsa. Ya ce ruwan kogi ya ja baya sosai bana. Na ce haka ne. Ya ɗauki wata sifana ya juya ta, ya tambayi inda ake sayar da irinta. Na faɗa masa. Ya sha shayi, ko zaginsa bai yi ba, ya tashi ya tafi. Mako na gaba ya dawo da ƙwaryar kindirmo, ya ce Adda Dudu ce ta ce a kawo wa yara. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Na ga leɓensa yana motsi, na ga maganar ta zo har bakinsa. Ni kuma na sunkuyar da kai ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Ya ce, "To, Kaɗo, rana ta yi." Na ce, "A gaida gida."

Ku sani, kayan aikin na nan a ɗaure cikin buhu tun ranar farko. Kananzir ma na auna na ajiye. Kalma uku kawai nake jira, don in ji daɗi. Shi girman kai, ni girman kai, kuma nawa ya fi muni, don shi yana da yunwa a gida, ni ba abin da na rasa.

Mako na uku bai zo ba. Na ce a raina fushi ne, bari ya huce. Ashe ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da shi. Kwana huɗu ya yi. Ranar da labarin ciwon ya iso gare ni na ce gobe zan je, goben kuwa da na isa Makama na tarar ana fitowa da shi.

Bayan an yi sadakar uku na shiga yi wa Adda Dudu gaisuwa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Garba, ka lura da bonet ɗin motar?" Na ce na gan shi a buɗe. Ta ce, "Tun ranar da ka yi fushi, kullum in ya dawo masallaci da safe sai ya buɗe shi ya tokare da sanda, ya shimfiɗa tabarma a gefe, ya ajiye buta. Na ce masa, wa kake wa shimfiɗa? Ya ce, Kaɗo zai zo, kada ya kwanta a ƙasa. Da ciwo ya kayar da shi, ni yake sa in je in buɗe."

Na fita na koma Jimeta na ɗauko buhun, na aro batir. Na zubar da tsohon mai, na kwance nozul, na wanke, na mayar. Da hantsi na fara, kafin a kira la'asar na gama. Bugu biyu ta tashi, hayaƙinta fes. Matan da ke zaman makoki suka leƙo, Adda Dudu ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa na zauna a kan tabarmar da ya shimfiɗa mini, inji yana ta aiki a kaina, na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Aikin rabin yini ne. Rabin yini na hana mutumin da ya fi kowa sona.

Ku kun san shi da abin dariya, kuma ku ci gaba da yi, shi ma da yana nan da ya taya ku yana musu. Ni dai in na yi dariyar, a ƙarshe sai in tuna da tabarmar nan.

Allah ya jiƙan Hamma Sa'adu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Ya Allah, bawanka ne mai taurin kai, amma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ka gafarta masa ba sai ya buɗe baki ya roƙa ba. Ni kuma ka sa ya yafe mini. Amin.