Firintar Aljanu ta Malam Zakariyya

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takarda a Kaura Namoda ya san Malam Zakariyya mai tafireta. Shekara ashirin yana zaune kusa da tashar jirgin ƙasa, tabarau a kan hanci, kuma bai taɓa buga komai ba sai ya sa kabon a ƙasa, ɗaya ta mai takarda, ɗaya ta akwatinsa. Da aka yi sabuwar jiha aka kawo shari'a, aiki ya yi masa yawa, sai 'ya'yansa suka saya masa kwamfuta da firinta.

Bugu kam ya iya. Amma adana aiki a cikin na'ura? Ina! Takarda na fitowa sai ya goge komai ya kira na gaba.

Abu ɗaya ke ba shi haushi. In ya zo fitar da takarda, sunan firinta biyu yake gani. Ɗaya ita ce ta kan teburinsa. Ɗayar kuwa in ya danna ta bisa kuskure, sai ta yi masa wata tambaya da Turanci, ya danna don ta ƙyale shi, sannan shiru, ko ƙyallen takarda babu. Firintar aljanu ya sa mata suna, kullum sai ta sha zagi.

Ranar da Mubaraka, 'yar ƙanensa mai koyar da kwamfuta a Gusau, ta zo gida, ya tare ta.

"Don Allah cire mini wagga la'ananna in huta."

Ba ta ko zauna ba sai ga Hammadu, wani makiyayi daga Banga, hankali a tashe. Bara Malam ya buga masa yarjejeniyarsu da manoma kan burtalin da shanunsa ke bi zuwa tafki. Ruwan sama ya shiga bukka ya narkar da takardar, ga shi wani ya yi shuka a kan hanyar, alƙali ya ce a kawo takarda ranar Alhamis. In babu ita, shanunsa ba su da hanyar ruwa.

"Malam, ai kana da kwafi ko?"

Kunya ta kama Malam Zakariyya har ya kasa ɗago kai. Shi da akwatin kabonsa bai taɓa ba kowa kunya ba!

Mubaraka ta ce, "Baba, tsaya tukuna. Wagga firinta ba takarda take fiddawa ba, kwafi take ajiyewa a ciki."

Ta buɗe wani wuri a cikin kwamfutar, sai ga duk takardun da Malam ya aika wa firintar bisa kuskure cikin shekara biyu jere reras. Can ƙasa aka ga ta Hammadu, daga tsamiya zuwa bakin tafki taku arba'in, da sunayen shaidu shida. Hammadu ya yi kabbara, ya naɗe sabuwar takardar cikin leda, ya tafi neman shaidun su sake dangwala yatsa.

Mubaraka ta ce tana dariya, "To Baba, in cire ta?"

"Ki taɓa ta ki gani! Ashe kabon ce baiwar Allah, ni ina ta zaginta."

Ranar Juma'a Hammadu ya dawo da ƙwaryar nono, alƙali ya karɓi takarda, shanu sun sha ruwa. Tun daga nan, kowace takarda sai Malam ya fara aika wa firintar aljanu da gangan, har yana ce mata sannu da aiki.