Lotsattsen Kaske

Baƙon da ya ratsa unguwar Bobiel ranar Lahadi da la'asar, ya ji hayaniya a gindin bishiyar ƙofar gidan Maman, zai ɗauka faɗa ake yi. Gaisuwa ce kawai. Tsofaffin ma'aikatan haƙar kwal ne, waɗanda ƙarar nakiya da ta injuna ta cinye musu kunne can Cirozerin, shi ya sa ko lafiyar iyali za su tambayi juna sai unguwa ta ji.

Maman Ba'adare ne, mutumin Tawa. Ya tafi arewa yana saurayi, ya dawo da furfura da tarin da ba ya jin magani, ya zauna Yamai saboda nan 'ya'yansa suke. Shi ya fara tara tsofaffin abokan aiki shan shayi. Jana'iza ce ta mayar da shan shayin ƙungiya. Wani daga cikinsu ya rasu a unguwar Koira Kano, masu ta'aziyya suka yi ta yabon ɗansa babban ma'aikacin gwamnati, ba wanda ya ambaci cewa mamacin a rami ya ƙarar da ƙarfinsa. Abin ya ci wa Maman rai. Ya roƙi matar mamacin ta ba shi kasken mijinta, hular kwanon da suke sawa a bakin aiki, mai lotsawa a gefe inda dutse ya taɓa faɗo masa.

Suka kafa doka. Kaske na wanda ya fi kowa daɗewa a rami ne cikin masu rai. A kai masa har gida, a ɗora masa a ka, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya sani na aikinsa, yana ji da ɗan sauran kunnensa. In ya rasu, kaske ya wuce ga na biye da shi.

Abu ɗaya ne bai zo musu a rai ba, sai matansu ne suka gano shi: wanda ya fi daɗewa a rami shi ya fi shaƙar ƙura. Kaske bai cika yin damina biyu a gida ɗaya ba. Mata suka sa masa suna sammaci.

Bara layi ya zo kan Maman. Na bayansa Abdoulkarim ne, Badamagare, direban motar kwasar kwal, wanda ya kama aiki jim kaɗan bayansa. Shi wannan ba ruwansa da zancen sammaci, ya daɗe yana faɗa wa jikokinsa wata rana za a kawo masa kaske gida da rakiya. Sai dai ya rame ƙwarai, ko sahun sallah sai an riƙe shi. Duk da haka bakinsa bai mutu ba.

"Ba'adare, yi maza ka karɓa ka ba ni wuri, na gaji da jira!"

A cikin gida kuma Balkisa, matar Maman, ta riga ta yanke nata hukuncin. "Malam, ni kam wannan hula ba ta shigo mini ɗaki."

Ranar taro aka miƙo wa Maman kaske, ya ƙi miƙa hannu. "Ba ni so," in ji shi. "Ku kai ma Abdoulkarim."

Bai faɗi dalili ba, domin faɗin dalilin daidai yake da gaya wa Abdoulkarim a bainar jama'a cewa ba zai kai baɗi ba. Mutane suka samo masa nasu dalilin. Wasu suka ce Balkisa ce ke juya shi, wasu suka ce ya tura wa amininsa mutuwa. Mutumin da ya kafa doka, a ce shi ya fara guje mata! Ƙofar gidansa ta yi shiru Lahadi bayan Lahadi. Maganar ta yi masa ciwo.

An kai wa Abdoulkarim kaske gidansa. Ya yi masa yawa, ya sauko har kan kunnuwa. Maman ne ya tashi a ƙarshe, ya ba da labarin ranar da birki ya tsinke a gangaren rami, Abdoulkarim ya kifa motar jikin tudu don kada ta bi ta kan masu aiki a ƙasa. Jikoki suka saki baki. Abdoulkarim na dariya yana tari, ya ce, "Matsoraci, ashe ka iya magana."

Abdoulkarim bai ga damina ba. Bayan addu'ar bakwai, 'yan ƙungiya suka rasa wanda zai tunkari Maman da kaske. Iklima, matar marigayin, ta ja Balkisa ɗaki ta ce mata, "Yaya, ya bar saƙo. Ya ce aro ne Maman ya ba shi, ya sani tun ranar. A mayar wa mai shi."

Balkisa ta naɗe kasken a mayafinta, ta shiga taksi. Ta tarar da Maman shi kaɗai a gindin bishiya, buta na tafasa.

"Ga kayanka, Malam. Ka kira su ranar Lahadi, zan dafa shinkafa."

Ya kara hannu a kunne. "Mi kika ce?"

Ta matso kusa da shi. Ta goge kasken da bakin mayafi, ta ɗora masa a ka.