Saniyar da Ta Gitta a Fim ɗin Dada

Mun tashi da asuba daga Gombe, ni da maiɗakina, ko karyawa ba mu yi ba. Ba biki ne ya ɗaga mu zuwa Mubi ba, ba kuma ta'aziyya ba, fim ne. Kakata, wadda muke kira Dada, yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta aiko min cewa in ina son albarka in nemo mata wani tsohon fim ɗin Indiya da suke kallo da kakanmu, marigayi Alhaji, tun idon yana rabe mutum da bishiya. Sunan fim? Oho. Ta dai ce akwai jirgin ƙasa, da wani mai gashin baki, kuma rigimar duk a kan shanu ce.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, amma ramukan hanyar Numan suna nan lafiya lau yadda na bar su. Bakina bai iya shiru ba, na faɗa wa direba dalilin tafiyar, sai mota ta rikice. Shi a wajensa fim ɗin da ba a karya wa kowa ƙafa ba ɓata caji ne. Wata malama 'yar Michika ta ce ita na Hausa take kallo, don ta kwashi salon ɗinki ta kai wa telanta. Maiɗakina ta tsaya kai da fata a kan na Koriya, waɗanda sai an yi kashi arba'in kafin saurayi ya riƙe hannun budurwa. A Numan soyayyen kifi ya raba gardamar, a Gombi muka sayi dafaffiyar gyaɗa aka ɗora daga inda aka tsaya.

Bayan la'asar keke napep ya sauke mu a Wuro Patuji, damina ta mayar da layinsu Dada kamar kunu. Ta tare ni da tsokanar da ta saba, wai ga mijin banza ya zo hannu rabbana. Muka sha fura da kindirmon da cokali yake tsayawa a ciki, sannan na buɗe kwamfuta na nuna mata fina-finai uku da na zo da su. Kowanne minti biyu take ba shi ta ce in kashe. Wallahi raina ya ɓaci, don sati guda na yi ina tono su.

Washegari na shiga kasuwa wajen masu tura fim a waya. Samarin suka yi min dariya, suka tura ni wajen wani dattijo da a da yake bayar da hayar kaset. Ina ambatar kakanmu ya dafe kai. Ya ce ai wannan kaset ɗin sai da ya sallama masa shi, don a gidansa yake kwana. Ya tura min fim ɗin, har ya yi min gata ya ba ni mai fassarar Hausa.

Da hantsi muka baje tabarma a rumfa. Jirgi yana fitowa Dada ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ta ce shi ne. Na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Murnar ba ta yi nisa ba. Mai fassara yana buɗe baki aka ji jarumin ɗan sanda ne, mai gashin bakin kuma uban budurwarsa. Babu dillali, babu garke. A fim ɗin gaba ɗaya saniya ɗaya tak ta gitta titi, ita ma a kan harkar gabanta take. Nan na gano ɓarnar da na yi. Kakanmu, falken shanu ne da ko gaisuwar Indiya bai iya ba, shi yake zama kusa da ita yana fassara mata, kuma a kan saniyar nan ya gina labarin duka. Ga shi na kwaso ƙafa tun daga Gombe na zo na tona asirin mamaci a gaban matarsa. Maiɗakina ta mintsine ni, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Dada ta ce in kashe bakin wannan maƙaryacin in bar mata hoton. Na rage murya. Sai ta gyara zama ta fara fassara mana, Hausa tana cakuɗuwa da Fulatanci. Mai gashin baki ya koma dillalin da ya cinye wa jarumi bijimai. Waƙar cikin ruwan sama ta zama roƙon Allah ya kawo ciyawa. Da budurwa ta fashe da kuka, Dada ta ce nono ne ya zube mata. Muka yi dariya har maƙwabta suka leƙo, aka cika rumfar.

Da aka gama na yi ta maza na tambaye ta, a hankali, ko ta san Alhaji ba ya jin Indiyanci.

Ta harare ni da ɗan idon da ya rage. "Kai ne za ka gaya min? Mutumin da kowane kallo sai yawan shanun ya canza? A gidan nan Alhaji ba ya magana, daga gaisuwa sai ina abinci. In aka sa kaset ɗin nan ne kawai nake samun awa uku ina jin muryarsa."

Ba wanda ya sake dariya. Ta ce in mayar da fim ɗin farko, kuma kada in kuskura in ƙara masa murya.

Kwana uku muka yi, na bar mata fim ɗin a wayar matar kawuna, muka kamo hanya. A mota wani direban ya sake tayar da gardamar wane fim ya fi, na ƙyale su. Na riga na koyo a Mubi cewa daɗin fim yana wajen wanda kuka zauna tare. Muna isa Gombe maiɗakina ta kunna na Koriyarta, ni da a da nake ficewa na jawo filo na zauna. Ta tambaye ni ko lafiya. Na ce ta rage murya, yau ni zan fassara.