Mun Kai Jikata Madani a Duba Kunnenta

Mun tashi da asuba, muna sallame salla muka gangara bakin kogi mu huɗu: ni, da mai ɗakina, da matar ɗana, sai jikata a goye a bayan kakarta. Don ita aka yi tafiyar. Ta kusa shekara uku, tana gudu, tana cin tuwo kamar wadda ta wuni a gona, amma ko "inna" ba ta taɓa cewa ba. Ubanta yana aikin madatsar ruwa a Damazin, bai sami zuwa ba, sai ya aiko da wasiƙa cewa a kai ta asibitin birnin Madani a ji ko za ta yi magana.

Ni dai ban ga dalilin tafiyar ba. Na fi shekara ashirin ina koyarwa, kuma ciwon malamin makaranta shi ne ba ya rasa bayani. Nawa bayanin shi ne yarinya tana jin Hausa a cikin gida, tana jin Larabci a ƙofar gida, da yake cikin Larabawa muke zaune, ta tsaya tana zaɓe. Mai ɗakina tana da tata hujjar. "Malam, wagga ɗiya ji take sarai. In ana daka ba ka ganin ta taho gindin turmi tana rawa?" Matar ɗana kuwa, ba mu tambaye ta ba.

Bantun, wato kwale-kwalen ƙarfen da ke ƙetarar da mutane zuwa Sinja, ya ɗauke mu tare da jakuna biyar da wani raƙumi da ya shiga kamar shi ya sayi jirgin. A Sinja muka sha shayi a bakin kasuwa, mai zaƙi ƙwarai, tsadarsa kuwa ta birni. Muka sami lori mai zuwa Sinnar. Mata suka shiga gaba kusa da direba, ni aka ɗora ni kan buhunan riɗi, inda na gano cewa hanyar nan ta baƙar ƙasa, da damina ta haɗiye mota, da rani ta karya mata ƙashi, babu lokacin da take zumunci da kowa. Na sauka a Sinnar ina ƙamshin man riɗi, gwiwoyina suna gardama da ni. Muka ci ful da gurasa a tasha, waken ya dahu luguf, an kwarara masa mai. Jikata ta cinye nata ta leƙa nawa.

Daga nan jirgin ƙasa. Wanda bai taɓa ratsa yankin Jazira lokacin tsinkar auduga ba, ya yi ƙoƙari ya ratsa. Gonaki fari fat har iyakar gani, magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da rula, masu tsinka sun sunkuya, da yawansu mutanenmu ne, daga ɗaurin zanen ake gane su. A cikin taragon kuwa, kafin mu wuce tasha biyu kowa ya san abin da ya fito da mu, domin mai ɗakina ba ta iya zama kusa da mutum ba ta gaya masa tarihinta ba. Wata Bahaushiya 'yar Managil ta ce ɗan ƙanwarta sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki, yanzu roƙonsa ake ya yi shiru. Wani dattijo ya ce a ƙauyensu an yi ta jiran wani yaro haka, ga shi ya yi gemu ana jira. Kowa ya kawo nasa yaron, rabi sun yi magana, rabi ba su yi ba, babu wanda ya iya gaya mini a wane rabin tamu take.

Muka sauka gidan wani ɗan garinmu mai ɗinki a Madani. Matarsa ta yi mana kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, ta ba mu ɗakinta. Allah ya saka musu.

Washegari da hantsi muka ga likita, wani Balarabe mai furfura, ba ya gaggawa. Ya zaunar da yarinyar a kan katifa, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, wata ma'aikaciya ta tsaya gabanta tana wasa da ƙwallon zare. Ya zagaya baya ya buga tiren ƙarfe da cokali. Ni na zabura, mai ɗakina ta yi salati. Jikata ko ƙiftawa.

"To turmin fa?" in ji mai ɗakina.

Likita ya ce, "Ya hajja, turmi ƙasa yake duka. Da ƙafarta take jin sa."

Na gyara zama na gabatar da zancen harshe biyu. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba kowane ɗalibi ke yi mini ba. "Ya ustaz, 'yan ajinka harshe nawa gare su?" Na ce biyu. "Su nawa ne ba sa magana?" Na mai da hankalina kan ƙwallon zaren.

Sai ya juya wajen matar ɗana, wadda tun shigowarmu take raɓe a bakin ƙofa. "Ke ce uwar? In kin kira sunanta tana waiwayowa?" Ta sunkuyar da kai. Dole na yi masa bayanin abin da a wurinmu ba ya buƙatar bayani: yarinyar 'yar fari ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi ko nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ga shi kuma sunan kakarta aka sa mata. Tun da aka yaye ta a ɗakin kakar take kwana.

Likita ya ajiye alƙalami. "Ni uwar nake so in ji."

Mai ɗakina ta dube ta. "Ke, ɗiyata, faɗi. Nan ba gida ba ne."

Matar ɗana ta ɗago kai. "Inna, tun tana wata shida na sani. In kun fita sai in saki kwano a bayanta. Na saki kwano ya fi a ƙirga. Duk lanƙwasar kwanonin da kike faɗa a kai, ni ce."

Fiye da shekara biyu tana ɗauke da wannan ita kaɗai, muna gida ɗaya, ina ta bayani.

Na tambayi likita abin da ya kawo ni: in ta kai shekarun shiga makaranta, me za ta zama? Ya ce shi ba ya karanta shekara bakwai a fuskar 'yar shekara uku. Jinkirin magana alama ce, wani yaron ya kamo 'yan'uwansa, wani kuma daga baya a gano abin da ke ƙarƙashi. Amma kunne yau ake iya sani. Ya sa aka kira yarinyar da ƙarfi dab da kowane kunne. A na dama, ta juyo. Ya ce akwai sauran ji a nan, kuma sauran nan da wuri yake amfani. A riƙa yi mata magana ta dama, gaba da gaba, cikin haske, tana ganin baki. A dawo da ita bayan damina. "Wadda ta fara ganewa," in ji shi, "ita za ta fi iya koyar da ita."

A hanyar komawa ban lura da auduga ba. Ina tunanin yaran da suka zo ajina suka zauna a baya suna kallon bakina, na rubuta musu "ba ya mai da hankali". Wasu na sa musu bulala. Ban san nawa ne cikinsu ba sa jina ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Mun iso gida lafiya ranar ta huɗu da la'asar, alhamdulillahi. Na gode wa likitan nan, na gode wa ɗana da ya ƙi yarda da ilimin ubansa. Abin da tafiyar ta koya mini bai wuce darasi guda ba: a gidanmu akwai wanda ya sani, kuma shi ne ba mu ba bakin magana ba.

Maƙwabta suka cika tsakar gida yi mana barka da zuwa. A gabansu duka mai ɗakina ta kwance goyo, ta ajiye yarinyar a cinyar uwarta, ta juya ta suna fuskantar juna.

"Kira ta. Sunana ne, ni na ba ki. Wadda ta ga rashin kunya ta zo ta same ni."

Matar ɗana ta rufe fuska da gyale, ta buɗe, ta sunkuya wajen kunnen dama ta faɗi sunan. Ya fito a karkace, don bakin bai saba ba. Yarinyar ta ɗago ta zuba wa bakin uwarta ido, tana jira a sake. Aka sake.