Yadin da Kawu Ya Kawo wa Yayata

Yayata zabiya ce, fatarta fara sol, ga shi a ƙauyenmu na Jazira babu inda mutum zai ɓuya wa rana. Lokacin tsinkar auduga duk gidan muke fita hawasha, gonar da Baba yake nomawa. Ita ta fi kowa saurin hannu. Kafin azahar wuyanta da bayan hannuwanta sun yi jajur. Da yamma Inna takan shafa mata man riɗi tana cewa, "Gobe ki zauna gida, ɗiyata."

"In na zauna wa zai cika buhun, Inna?"

Farin mayafi take yafawa, shara-shara. Mun ɗauka yana kare ta.

Kawu, ƙanen Inna, yana aiki a wata masaƙa a birnin Wad Madani, a sashen da ake tsoma yadi cikin magani kafin a busar da shi. Wata Sallah da ya zo, ya ga gyambo a bayan kunnen yayata, wata biyar ya ƙi warkewa. Ya koma bakin aikinsa. Bayan mako biyu sai ga shi da yadin auduga ruwan toka, yana ɗan warin magani.

"An sa masa abin da ke hana rana ratsawa," in ji shi. "Kuma ba ya yamutsewa, babu ruwanki da guga."

Ta dunƙule gefen yadin a tafin hannu, ta saki, ya miƙe sumul. Ta yi ta maimaitawa tana dariya, har maƙwabta suka shigo kallo.

Kaka ɗaya ta yi da shi. A shekarar ne na fara ganin an gama tsinka fatarta ba ta saɓule ba. Amma gyambon sai faɗi yake ƙarawa. Da muka kai ta asibiti a Madani, likita ya ce ciwon daji ne na fata, kuma ya yi nisa.

A bakin ƙofar asibitin Kawu ya durƙusa gaban Inna. "Shekara tara ina wannan aikin, Yaya. Ban taɓa tunawa da ita ba."

Inna ta dafa kansa. "Tashi. Ni da na haife ta ma ban sani ba."

Ta rasu da faɗuwar ruwan farko. Daga nan Kawu ya daina zuwa mana Sallah. Bayan shekaru, an riga an rufe masaƙar, na gamu da shi a kasuwar Madani yana sayar da albasa. Ya riƙe hannuna ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar Inna. Da ya zo kan yayata sai ya sunkuyar da kai, ya shiga zuba mini albasa a jaka.