Katin Ya Ƙare Ina Cikin Gaisuwa

Da za a ce in zaɓi abu guda in goge daga rayuwata, maganar da na faɗa wa uwar 'ya'yana wata Talata a ƙofar ɗakinta zan zaɓa. A lokacin ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu. Ina noma gero da dawa, karatuna bai wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, amma ana jin maganata a gida. Ni kaɗai ke da waya, kuma ina ganin sayen kati ɓarna ce.

A daminar nan ɗiyata ta fari ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda aka saba a cikin farko. Da ta je awo, malamar asibitin ta rubuta lambarta a bayan takardar, ta ce wa innarta idan ƙafafu suka kumbura ko ciwon kai ya matsa, a kira ta, ita za ta faɗi ko a taho ko a dakata. Hanyarmu da damina laka ce, ba a ɗora mai ciki a kabu-kabu sai dole. Ranar Litinin innarta ta same ni, ta ce yarinyar nan fuskarta ta cika, tana ganin dishi-dishi, in taimaka in kira. A garinmu ba a samun sabis sai an hau wani tudu a bayan gonaki. Na hau, amma ban kira ba. Filashin na yi mata har sau biyu, domin a wurinmu mai albashi shi ke kiran talaka. Na jira kaɗan, na sauko na wuce gona.

Washegari innarta ta matsa, na sayi ƙaramin kati na koma tudun. Malamar ta ɗauka. Ni kuwa dattijo ne, ban iya faɗa wa mutum buƙata ban gaishe shi ba. Na tambaye ta aiki, da gajiya, da iyali, da yadda suka ji da ruwa. Ta ce Baba, wane ne, me ke faruwa? A nan harshena ya yi nauyi. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, balle in kwatanta cikinta ga wata mace. Na shiga kewaye-kewaye, wai akwai wata yarinya a gidana da ba ta jin daɗi. Kafin in kai ga kumburin, katin ya ƙare. Rumbuna da hatsi, tiya guda ta isa in sake kira, amma na ga kamar an ci kuɗina a banza, na sauko ina jin haushi.

Innarta na tsaye a ƙofar ɗaki tana jirana. Kunya ta hana ni in ce katin ya ƙare ban faɗi komai ba. Sai na ce mun yi magana, malamar ta ce ba komai, a bari sai ranar kasuwa. Ta ce alhamdu lillahi, ta koma ta ci gaba da shafa wa yarinyar man shanu a ƙafa. Ranar Alhamis da hantsi jijjiga ta kama ta. Muka ɗauke ta a kabu-kabu, mutum biyu suna riƙe da ita, muna sauka muna turawa a cikin laka. Mun isa asibiti bayan la'asar, aka yi iya ƙoƙari, amma kafin magariba Allah ya karɓi abinsa, ita da abin da ke cikinta.

A nan malamar ta gane ni da murya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce masu yi mata filashin a yini suna da yawa, kuma daga aljihunta take kiran kowa. Ta ce da katina ya ƙare ta neme ni sau uku, layin bai shiga ba, na riga na sauka daga tudu. Ta ce da ta ji kumburi da ciwon kai, da ta ce a kawo ta a ranar. Duk wannan a gaban innarta. Bayan sadakar bakwai, innar tata ta kawo mini ruwan alwala ta ajiye, ta ce: “Malam, da ka ce mini ba ku yi magana ba, da na sayar da akuyata mun tafi.” Ba ta sake tayar da zancen ba har yau.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun sha faɗa mini. Amma ƙaryar tawa ce, kuma ita nake neman gafara a kanta kullum. Kiran asibiti yana da tsada ga talaka, ba na musu. Sai dai ina roƙon magidanta irina, idan za ku kira, ku kira da kanku, ku yi sallama ku faɗi ciwon tun farko, a yi gaisuwa daga baya. Idan kunya ta kama ku, ku miƙa wa uwar wayar. Idan kuma katin ya ƙare ba ku ji amsa ba, don Allah ku koma gida ku faɗi gaskiya, ko wani zai yi abin da kuka kasa.